Ku bar ƙishirwa ta yi aikinta a teburin wasa

Jama'a, yau maganata a kan wasan labari na kan tebur ce, irin su Dungeons & Dragons, kuma da masu jan wasan nake, musamman waɗanda ke shirin zaunar da sababbin 'yan wasa karon farko. Idan da labarin hamada za ku buɗe musu, don Allah ku ba hamadar haƙƙinta. Kada a ambace ta a layi biyu a wuce zuwa ɗakin dodo. Jarumin da ke matakin farko ba shi da ƙarfin karawa da babban dodo, amma yana da duk abin da ake buƙata don karawa da ƙishirwa: hankali, shawara, da abokan tafiya.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, mutum huɗu ko biyar ne ke zama, kowa da jaruminsa rubuce a takarda, wannan mayaƙi, wannan ɓarawo, wannan mai sihiri, wancan mai warkarwa. Mutum ɗaya ke jan labarin. Ya faɗi abin da ke gabansu, su faɗi abin da za su yi, in abin da haɗari a jefa ɗan ludo, galibi mai fuska 20, a ga ko sun dace. Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka a 1974.

A duk labaran hamada da aka tsara wa sababbin jarumai, babu wanda ya kama ni kamar The Lost City, wanda Tom Moldvay ya rubuta, kamfanin TSR ya buga a 1982, don jarumai daga mataki na 1 zuwa na 3, wato waɗanda ƙarfinsu bai yi nisa ba tukuna. Farawarsa babu ɓata lokaci. Jaruman na cikin ayari, guguwar rairayi ta taso ta raba su da sauran matafiya, suka yi ta bulayi har ruwansu ya ƙare. Ana cikin haka suka hango kangon wani birni da yashi ya binne, da wata dala mai hawa-hawa, da manyan mutum-mutumi uku na tagulla a samanta. A jikin dalar akwai ɓoyayyiyar ƙofa da ta tsaya a buɗe saboda gawar da ta tokare ta, da kibiya a ƙirjin gawar. Tun daga bakin ƙofa an gaya wa mai hankali cewa akwai tarko a gaba, ba tare da mai jan wasa ya buɗe baki ya yi gargaɗi ba.

Abin da ya sa na ce Moldvay ya san aikinsa shi ne dalilin shigar. A yawancin labaran farawa, wani baƙo ne zai tare ku a masauki ya yi muku alkawarin zinare, ku kuma ku bi shi don kawai in ba ku bi ba wasa ya tsaya. A nan babu mai roƙonku. Kuna shiga ne don in kun tsaya a waje mutuwa za ku yi. Yaron da bai taɓa riƙe ɗan ludo mai fuska 20 ba ya san ƙishi, ba sai an buɗe masa littafin dokoki ba.

A ciki kuma akwai mutane, kuma nan ne daɗin yake. Birnin sunansa Cynidicea. Lokacin da ake haƙa a ƙarƙashin dalar aka tono wani dodo mai ƙaho ɗaya, Zargon, aka kasa kashe shi, daga baya wasu suka koma bauta masa suna miƙa masa mutane. Birnin ya lalace, mahara suka cinye shi, waɗanda suka tsira suka gangara ƙarƙashin ƙasa, jikokinsu suka zama farare fat, kowa da fuskar bogi a kan tasa, suna yawo cikin maye. Ƙungiyoyi uku ne kaɗai suka rage da hankalinsu: mazan Gorm masu fuskar zinare, masu sihirin Usamigaras masu fuskar azurfa, da mayaƙan mata na Madarua masu fuskar tagulla. Gorm, Usamigaras da Madarua su ne tsofaffin gumakan birnin, mutum-mutuminsu ne a kan dalar. Dukkan ƙungiyoyin suna son farfaɗo da birnin, kuma ba sa ga maciji da juna. Su ke da abinci da ruwa. To ka ga sabon ɗan wasa, wanda ya zo da tunanin duk abin da ya motsa sara za a kai masa, dole ya mayar da takobi kube ya yi sallama. A tsohuwar dokar da aka rubuta labarin da ita, mai sihiri na matakin farko makin ransa, wato yawan raunin da zai iya ɗauka kafin ya mutu, kan tsaya tsakanin 1 da 4, kuma sihiri ɗaya tak yake da shi a yini. Mai irin wannan rauni bakinsa ne makaminsa.

Amma ga inda nake da ja. Duk da kyan labarin, hamadarsa ta ƙare a shafin farko. Ana karanta wa 'yan wasa yadda suka ɓata, yadda ruwa ya ƙare, su kuma suna zaune suna sauraro. Ba su suka yanke shawarar komai ba. An sake buga labarin don dokokin zamani, kamfanin Goodman Games suka yi nasu, Wizards of the Coast, masu mallakar wasan, ma suka saka shi cikin wani kundi a 2024, kuma masu jan wasa da yawa har yau haka suke yi, su karanta sakin layin guguwa da sauri don a kai ga dala. Ba na ganin laifin marubucin da ya zauna a Amurka ya ɗauki hamada a matsayin fanko. Mu ne ba mu da uzuri.

Mu hamada maƙwabciyarmu ce. Har gobe ayarin gishiri na tashi daga yankin Agadas ya ratsa hamadar Tenere zuwa Fashi da Bilma, a kai gero a dawo da kantun gishiri da dabino. Kakanninmu fatake sun san hanyar Kano zuwa Agadas zuwa Gat da Gadamas har Tarabulus. Ayari yana da madugu, yana da jagaba, yana da zango, yana da dokar wanda zai fara shayarwa a rijiya. Akwai wata bishiyar ƙaya da ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar Tenere, ayari bayan ayari suna wucewa ta gefenta ba wanda ya sare ta don itacen wuta, ba wanda ya bar raƙuminsa ya cinye ta, saboda ita ce alamar hanya da rijiya. Saiwoyinta sun nutsa fiye da mita 30 kafin su taɓa ruwa. Mota ce ta buge ta a 1973, gangar jikinta na gidan tarihi a Yamai. Ku dubi wannan kawai: mutane masu yunwar itace, shekara da shekaru, kowa ya kame hannunsa. In kangon birni kuke nema, ga Jado can arewa da Bilma, ganuwa da ɗakuna a tsaye babu kowa. Wanda ke da wannan a bayan gidansa bai kamata ya karanta wa 'yan wasansa "rairayi ne ko'ina" ya yi shiru ba.

Shawarata ita ce zaman farko gaba ɗaya a yi shi a waje, kafin a hango dala. A fara kwana biyu kafin guguwar, jaruman na cikin ayari a matsayin 'yan rakiya. A ba madugu suna da hali. A sa wata tsohuwa mai fataucin dabino wadda ta fi kowa sanin taurari, a sa yaron raƙuma mai surutu, a sa wani attajiri da ya ɓoye salka biyu a cikin kayansa. In guguwa ta taso, 'yan wasa su zaɓa da kansu: su durƙusar da raƙuma su fake a jikinsu, ko su bi yaron da ya ruga neman taguwar da ta tsinke? Duk wanda suka zaɓa ɓata za su yi, labarin na buƙatar haka, amma da wa suka ɓata, da salka nawa, wannan nasu ne.

Sannan a ƙirga ruwa, a ƙirga shi a fili. Dokar wasan ta bugu na biyar, na 2014, ta ce mutum na buƙatar galan ɗaya a yini, galan biyu in ana zafi, galan kuwa kusan lita huɗu ne. Wanda bai samu ba gajiya za ta fara hawansa, kuma gajiyar mataki shida ce, na shidan mutuwa. Ni a teburina murafun kwalba nake zubawa a faranti a tsakiya, kowane murfi galan ɗaya, kowace safiya kowa ya miƙa hannu ya ɗauki nasa. Wata rana da saura murfi bakwai a farantin, mutum huɗu a tebur, suka tsinci wani bawan Allah kwance a inuwar raƙuminsa da ya mutu, leɓɓansa sun tsage. Ƙanwata, wadda ranar ta fara wasan kuma tun da aka zauna ba ta ce uffan ba, ta ɗauki murfi ɗaya ta riƙe. Yayanmu ya ce, "Ke, ajiye. Da ruwan ciki ake jan na rijiya." Ta ce, "Yaya, nawa ne na gobe, ba naku ba." Aka yi ta gardama, wani na cewa ƙila ɗan fashi ne, wani na cewa in ya farfaɗo shi zai nuna hanya. Ba a jefa ɗan ludo ko sau ɗaya ba, kuma babu wanda ya duba wayarsa.

Na san masu cewa lissafin ruwa gajiyarwa ne, mutane sun zo wasa ne ba aikin akawu ba. Gaskiya ne in a takarda ake yi, kowa na gogewa yana rubutawa. In a faranti ne ido na gani yana raguwa, labari ya canza. Wasu kuma za su ce ai a dokar zamani mai warkarwa na da sihirin da ke samar da galan 10 na ruwa tun a matakin farko, don haka ƙishirwa ta mutu, gara a hana sihirin. Ban yarda a hana ba. Ku yi lissafin: mutum biyar, galan biyu-biyu, galan 10 cif. Babu na raƙuma, babu na wanda aka tsinta a hanya. Kuma mai warkarwar damar sihiri biyu yake da ita a yini, in ya kashe ɗaya a ruwa saura ɗaya ga wanda kunama ta harba ko kibiya ta sama. Zaɓi ne mai nauyi, kuma irinsa muke nema. Abin da zan roƙa kawai, kada a kashe jarumin sabon ɗan wasa da ƙishi a zamansa na farko. A kai shi gaɓa, ya rasa raƙumi, ya jefar da sulkensa don nauyi, ya ci bashin ruwa a hannun wanda ba ya so. Wanda aka kashe wa jarumi a daren farko ba ya dawowa.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba na son a mayar da ƙishin hamada abin dariya a tebur. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar, kan hanyar Arlit zuwa Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, motocinsu ne suka lalace. Da yawansu Hausa suke yi kamar ni da ku. A cikin waɗanda za su zauna a teburinku ƙila akwai wanda ɗan uwansa ya bi wannan hanya. Mai jan wasa ya san da haka, ya ja labarin da nauyin da ya dace, in ya ga fuskar wani ta sauya ya sassauta.

Za a tambaye ni batun gumaka da ɗan ludo, kuma tambaya ce mai kyau. Ni ba malami ba ne, fatawa ba tawa ba ce. Abin da zan iya faɗi shi ne ba a sa ko kwabo a wasan, babu mai ci babu wanda aka cinye. Ƙungiyoyin ukun nan kuwa, a teburina gidajen sarauta uku ne na tsohon birnin, mutum-mutumin kan dala kakanninsu ne, kuma labarin bai rasa komai ba. Shi kansa asalin labarin a kan mutanen da suka halaka ne don sun sunkuya wa abin da suke tsoro.

Moldvay ya rubuta hawa biyar na farko ɗaki-ɗaki, sauran hawan na ƙasa da birnin ƙarƙashin ƙasa ya zana su sama-sama ya bar wa mai jan wasa ya cike. Zargon na can ƙasa, kuma ba abokin karawar jarumin mataki na 3 ba ne; ko an kashe shi ma yana dawowa muddin ba a halaka ƙahonsa ba. Ku bar shi zuwa gaba. Babban aikin ƙarshen wannan labari ga sababbi shi ne fita. Ku ce rijiya mafi kusa tafiyar kwana shida ce. Mutum biyar, galan 60, fiye da lita 220, nauyin da ba a ɗauka a ka. A ƙarƙashin ƙasa babu mai raƙumi. Mazan Gorm na da salkuna amma suna son ku rantse musu, matan Madarua sun san tsohuwar hanyar fita amma ba za su nuna wa wanda ya rantse wa Gorm ba, masu sihirin kuma za su ba ku duka biyun in kun sato musu wani abu daga kabarin sarki. Ku ajiye musu wannan a tebur, ku zuba murafun da suka rage a faranti, ku bar su su yi shawara.