Ba Alawa Ce Ta Ja Wa Yaron Nan Ba

Jiya da daddare ƙanwata ta kira ni, murya na rawa. Malamin ɗanta ya sake aiko da takarda: yaro ba ya zama wuri ɗaya, ana karatu yana leƙen taga, aikin gida kuwa a ƙarƙashin benci ya baro shi. Likita ya riga ya ce yana da lalurar nan ta rashin natsuwa da kasa tattara hankali, wadda ake kira ADHD. Amma abin da ya sa ta kuka, wata ce ta ce mata, "Ai ke kika ja masa, zaƙin nan da kike ɗura masa shi ya taɓa masa kai."

Na ce mata, "Share hawayenki, ƙanwata, ba ke ba ce."

Wannan zance na sukari an daɗe da gwada shi. A 1995 aka tattara gwaje-gwaje da dama da aka yi a kan yara, aka ga sukari ba ya canza halayyarsu yadda ake ta yayatawa. Akwai ma wanda ya fi ba ni dariya, na 1994 a Amurka. Aka ce wa iyaye mata an ba 'ya'yansu sukari, alhali ba a ba su ba. Sai ga uwayen suna cewa lallai yaran sun fi ƙiriniya, suna bin su suna tsawatawa. Ashe idon uwa ne ya ga abin da aka ce masa ya gani. Sukari na da laifinsa, haƙora da ƙiba sun shaida, amma wannan tuhumar ba tasa ba ce. Binciken tagwaye ya nuna gado ne ke ɗauke da kaso mafi girma na lalurar, sama da kashi 70 cikin 100.

To amma kada wani ya ji haka ya ce abinci bai da ruwa da ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke samu. Ni a ganina mun fi damuwa da abin da yaro ya ci, mun manta da abin da bai samu ba. Ɗauki sinadarin ƙarfe, wanda ke ƙara jini. Da shi ƙwaƙwalwa ke haɗa dofamin, sinadarin da ke riƙe hankali a kan abu, kuma dofamin ɗin ne magungunan ADHD ke ɗagawa. A 2004 wasu likitoci a Faransa suka auna jinin yara masu lalurar, suka ga ajiyar ƙarfen da ke jikinsu ta gaza ta sauran yara. Wannan bai nuna ƙarancin ne ya haifar da ita ba. Sai dai yaron da jininsa ya yi ƙasa, ga kasala ga barci mara daɗi, ta yaya zai natsu a aji? Nama, hanta da wake suna da shi. Kada dai a sayo ƙwayar ƙarin jini a hau ba yaro ba tare da gwaji ba, yawansa guba ne, yana kisa. Ƙwaƙwalwa na kuma buƙatar aidin, sinadarin da ake sa wa gishiri, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa rashinsa na kan gaba cikin abubuwan da ke taɓa ƙwaƙwalwa alhali ana iya kauce musu.

Man kifi, omega-3, yana taimakawa, amma kaɗan, bai kama ƙafar magani ba, duk da irin kurin masu tallarsa.

Launin da ake zuba wa alawa da lemo kuwa, nan akwai ƙamshin gaskiya. Likita Benjamin Feingold ne ya fara ɗaga maganar a shekarun 1970, aka yi ta musu. A 2007 wani bincike a Jami'ar Southampton ta Ingila ya ga wasu launuka sun ƙara wa yara ƙiriniya, har Tarayyar Turai ta tilasta rubuta gargaɗi a kan abincin da ke ɗauke da ko ɗaya daga cikin launuka shidan da aka gwada. Tasirin ƙarami ne, kuma ba kowane yaro yake taɓawa ba.

Da na tambayi ƙanwata me yaron ke ci da safe, sai ta yi shiru. Ashe maganin da yake sha yana kashe masa sha'awar abinci, wanda sanannen abu ne ga irin waɗannan magunguna, kuma da kwanon abincinsa yake dawowa daga makaranta ko buɗewa bai yi ba. Yanzu ta ce za ta riƙa dafa masa ƙwai ya karya kafin ya haɗiyi ƙwayar, ranar Litinin kuma za su koma wurin likita ta nemi a duba masa jini.