Finafinan yaƙi suna koyar da tarihi, amma ina kakanninmu a ciki?

Assalamu alaikum ƴan'uwa.

Akwai manya da malamai da ke ganin kallon finafinan yaƙi ɓata lokaci ne, wasu ma suna cewa yana ƙeƙasar da zuciyar yaro. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba, domin matasa da yawa a garin nan na Maraɗi a fim suka fara sanin Yaƙin Duniya na Biyu. A aji an gaya masu an soma shi a 1939 an gama a 1945, sun haddace saboda jarrabawa, bayan mako guda sun manta. Amma duk wanda ya taɓa zama a fada da dare, shayi yana kan gawayi, samari sun haɗa kai a kan waya guda, ya ga yadda wuri yake yin tsit lokacin da soja ya saɓa abokinsa da aka harba yana ratsa ruwan harsashi da shi, ya san abin da ya shiga ta wannan hanya ba ya saurin fita. Gani ya kori ji.

Abin da irin waɗannan finafinai suke nunawa, idan an yi su da gaskiya, shi ne yawancin rayuwar soja a fagen daga yunwa ce da sanyi da ƙwarƙwata da jiran da ba a san ƙarshensa ba. Suna nuna cewa abotar sojoji daga larura take tasowa: wannan ya yi barci wancan ya yi gadi, ruwan da ya rage a gora a raba shi biyu, wanda ya iya rubutu ya rubuta wa wanda bai iya ba wasiƙar gida. Littafin makaranta ba shi da wurin wannan, shi da yake lissafa shekaru da sunayen shugabanni. Na kuma lura cewa matashin da ya kalli yadda mutum yake kiran uwarsa yana mutuwa a cikin rami ba ya saurin shiga Facebook yana kiran a tafi yaƙi.

Damuwata a wani wuri take. Kowane fim yana bin mutum biyar ko goma ne, kuma wanda ya zuba kuɗin fim shi ke zaɓen waɗanda za a bi. Da yake mafi yawan abin da ake tura mana a waya daga Amurka ya fito, yaranmu sun tashi da fahimtar cewa Amurka ce ita kaɗai ta karya Hitila, ranar da ta sauke sojoji a gaɓar Normandi ta Faransa, 6 ga watan Yuni na 1944. Saukar ta faru, an kuma zubar da jini sosai a wurin. Sai dai Amurka ta rasa mutum kimanin 400,000 a dukan yaƙin, yayin da Tarayyar Sobiyet ta rasa kusan miliyan 27, sojoji da farar hula, kuma a can gabas ne aka cinye mafi yawan rundunar Jamus. Wanda ya tsaya a kan fim kaɗai zai yi wuya ya san haka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rashin namu a ciki. Faransa ta kwashi samari daga duk ƙasashen da ta mulka a Afirka ta Yamma, har da Nijar, ta hannun sarakuna da masu gari waɗanda aka yanka wa adadin mutanen da za su kawo, kuma duk an kira su sojojin Senegal ko da mutum bai taɓa ganin Dakar ba sai ranar da za a sa shi a jirgin ruwa. Sun yi yaƙin 1914 zuwa 1918, sun sake yin na biyu. Ranar 15 ga watan Agusta na 1944 rundunonin ƙawance sun sauka a kudancin Faransa, kuma ƴan Afirka suna da yawa ƙwarai a rundunar Faransa da ta ƙwato biranen Tulon da Marsey. Da kaka ta yi, aka janye baƙaƙen sojoji daga fagen daga da hujjar ba za su jure sanyi ba, aka maye gurbinsu da samarin Faransawa, ta yadda lokacin da aka shiga Jamus ana ɗaukar hotunan nasara yawancinsu ba sa nan. A ɗaya gefen iyaka kuma, ƴan'uwanmu na Katsina da Kano da Zazzau suna cikin runduna ta 81 da ta 82 da Ingila ta kai ƙasar Bama (Myanmar ta yau), inda suka yaƙi Japanawa a cikin kurmi, wasunsu suna dakon kayan yaƙi a ka saboda mota ba ta shiga.

Ku tsaya ku yi tunanin irin abotar da ta ƙullu a can. Bahaushe da Bazabarme da Bambara da ɗan ƙabilar Mosi, ba mai jin harshen wani sai guntun Faransancin bariki, suna rami guda cikin ƙanƙarar da ba wanda ya taɓa ganin irinta, wani yana neman alƙibla a ƙasar da ranarta ba ta fitowa sosai, wani ya yi wa ɗan'uwansa alkawarin in ya riga shi komawa zai kai saƙo ƙauyensu. Wane labarin zumunci ne ya fi wannan cancantar a kalla a fadojinmu?

An yi wasu finafinan, mu ne ba mu neme su ba. A 1988 Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow sun fitar da Camp de Thiaroye, a kan sojojin Afirka da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamus, aka ajiye su a wani bariki kusa da Dakar, suka nemi a biya su kuɗinsu da aka riƙe, sai sojojin Faransa suka buɗe masu wuta ranar 1 ga watan Disamba na 1944. Hukuma ta ce mutum 35 ne suka mutu, masana tarihi da dama suna ganin sun fi haka nesa ba kusa ba, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya amsa a rubuce cewa kisan kiyashi ne. A 2006 kuma fim ɗin Indigènes, wanda ya bi wasu sojojin Aljeriya da Maroko, ya tayar da maganar fanshon tsofaffin sojojin Afirka da wata doka ta 1959 ta daskarar, har gwamnatin Jacques Chirac, shugaban Faransa na lokacin, ta sanar da ƙarin kuɗin a daidai lokacin fitowarsa. Duk mai cewa fim wasa ne ya dubi wannan. A nan gida ma muna da Oumarou Ganda, wanda shi kansa ya yi wa Faransa yaƙi a Indocin (yankin Vietnam na yau), ya dawo ya yi fim ɗin Cabascabo a kan tsohon sojan da abokan cin mushe suka cinye kuɗin sallamarsa suka watse. Finafinan waje sukan ƙare ranar nasara, shi kuwa ya nuna abin da ke biyo bayan dawowa gida.

Akwai kuma wani haɗari da ya kamata a gaya wa yara. Fim yana sa ka ƙaunaci waɗanda kake bi, ko me suka aikata. Sojojin da suka bi hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899 su ma ƴan Afirka ne, su ma suna raba abinci da juna, amma da hannunsu aka ƙone garuruwa aka karkashe mutanen Birnin Ƙonni, kafin su juya su harbe shugabannin nasu biyu a watan Yuli, a wajen Maijirgi ta ƙasar Tasawa, cikin jiharmu. Da za a yi fim daga cikin sansaninsu kaɗai, da mun tausaya masu mun manta da waɗanda aka jefa a rijiya. Saboda haka bayan kowane kallo ya dace a tambayi yaro: mutanen garin da aka yi yaƙin a cikinsa fa, ina suka shiga?

Roƙona ga malaman tarihi na kwaleji da lise shi ne su nuna wa ɗalibai irin waɗannan finafinai, su tsayar da su a tsakiya a yi muhawara. Masu fassara finafinai zuwa Hausa su ma su waiwayi na Afirka, kada ƙoƙarinsu ya ƙare a kan na Indiya. Ku kuma ƙannena ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, a gidaje da yawa na garin nan da ƙauyukan kewaye akwai tsohon akwatin ƙarfe da ke ɗauke da lambar yabo da ɗan littafin soja mai lambar mutum da shekarar da aka ɗauke shi. Masu su kusan duk sun rasu, Allah ya jiƙansu, amma ƴaƴansu da suka ji labarin daga bakinsu suna raye, sun kuma manyanta. Wayar da kuke kallon fim da ita tana naɗar murya, ku je ku gaishe su, ku nemi izini ku naɗa.