Marigayi Ya Halarci Zama

Ofishin hukumar fansho ta wata jiha, wadda ba za mu faɗi sunanta ba saboda muna da 'yan uwa a kan layi. Ranar Talata da hantsi. Tsofaffi sun jeru a gindin darbejiya, kowa da fayil ɗinsa a cikin leda. Jauro masinja yana zaune a bakin ƙofar ɗakin taro, ya gitta sandarsa. Sai ga Malam Hedimasta, Bazazzagi, wanda ya yi shekara 35 yana shaƙar ƙurar alli.

JAURO: Ina zuwa, Malam? Aradu ba a shiga, manya suna mitin.

HEDIMASTA: Wajen manyan na zo. Wata 14 ke nan ban ji alat ba. Na je wajen yaron nan mai kwamfuta, ya duba, ya ce na rasu.

JAURO: Innalillahi! Yaushe?

HEDIMASTA: Bara da azumi, in ji shi.

JAURO: Allah ya jiƙanka, Malam. Kuma ba wanda ya aiko mana, ai da mun zo gaisuwa.

HEDIMASTA: Jauro, ga ni a gabanka ina magana!

JAURO: Ni ma abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Amma kwamfuta ta fi ni karatu. Shiga ka faɗa musu da bakinka, ni ban iya tare mamaci ba.

A ciki, Ciyaman yana kan kujera mai juyawa. A damansa Alhaji Bakano ɗan kwangila, wanda kowa ya san ƙanin uwargidan Ciyaman ne amma ba a faɗa a ofis. A hagunsa Hajiya Akanta, Babarbariya, tana danna kalkuleta kamar da ita suke faɗa.

CIYAMAN: Batu na farko, ƙawata birni. Mai girma gwamna yana son baƙi su riƙa shigowa garin nan suna zuba jari. Asusun fansho kuma ga kuɗi nan kwance ba sa aikin komai. Alhaji, nuna musu zanen.

BAKANO: Ranka ya daɗe, shataletale ne wanda ba a taɓa irinsa ba. A tsakiya za mu gina buta ta siminti, tsawon bene hawa uku, tana tsiyayar da ruwa dare da rana. Fitilu kala bakwai. Duk wanda ya shigo garin nan sai ya tsaya ya ɗauki hoto.

HAJIYA: Ruwan daga ina? Famfon gidana rabonsa da ɗigo tun kafin a yaye autana.

BAKANO: 'Yan garuwa, Hajiya. Mun ma samar wa matasa aikin yi ke nan.

HAJIYA: Riba fa? Kuɗin tsofaffi ne. In an zuba su a wuri, sai sun dawo da ƙari.

BAKANO: Ribar ai ita ce sunan gari.

HAJIYA: Ban ga gurbin sunan gari a littafina ba.

HEDIMASTA: Salamu alaikum.

CIYAMAN: Wa ya bar wannan ya shigo? Baba, tantancewa sai wata mai zuwa. Ka zo da hoto huɗu, da takardar ɗaukar aiki ta asali, da ta ƙarin girma, da shaidar mai unguwa cewa kana numfashi.

HEDIMASTA: Na kawo su sau uku. A tantancewar ƙarshe tun asuba nake layi, har wani tsohon malamin asibiti ya faɗi a gabana, muka yi masa fifita da takardar shaidar cewa yana raye. Ni kuma da aka gama sai aka rubuta na rasu.

BAKANO: Bazazzagi ke nan. An ce ya mutu ma sai ya yi gardama.

HEDIMASTA: Bakano, kai da ko gawa ka gani sai ka tambayi nawa ne kuɗin likkafanin ka sa riba. Bari in gama da surukinka, zan dawo kanka.

CIYAMAN: Ba surukina ba ne a nan. A nan ɗan kwangila ne. Sai an tashi daga aiki yake zama suruki.

HEDIMASTA: To ai shi ya sa a hukumar da ta san kanta, idan aka zo batun da ɗan uwanka ke ciki, kai da kanka za ka faɗa, ka tashi ka fita, sauran su yanke. Ranka ya daɗe, ka san abin da ya sa aka yi dokar fansho ta 2004, zamanin Obasanjo? Da can gwamnati ce ke alkawarin biya daga kasafi, kuɗi ba sa zuwa, bashi ya taru, tsofaffi suna kwana a bakin ofisoshi. Sai aka ce kowane ma'aikaci a buɗe masa asusunsa da sunansa. Aka gyara dokar a 2014, aka ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba aƙalla kashi 10. Kuma aka raba aikin gida uku: kamfanin da ke juya kuɗin daban, wanda ke ajiye su daban, hukumar PenCom tana saman su tana duba kowa. Mai juyawa ba ya taɓa kuɗin da hannunsa.

JAURO (ya leƙo da kai): Aradu wannan dokar a ruga aka koyo ta. In ka ba yaro kiwo, ba shi za ka ba wuƙa ba, kuma ba shi zai ƙirga maka shanun da yamma ba. In ko shi ne mai kiwo, shi ne mahauci, shi ne mai ƙirga, kullum zai ce maka kura ta zo.

HAJIYA: Ji bawana yana fashin baƙi. Wa ya sa da kai?

JAURO: Yau kuma baiwa ce ke kiran ubangijinta bawa? Danna abinki, Hajiya.

CIYAMAN: Wancan tsarin na tarayya ne. Mu a nan da dokar jiha muke aiki, kuma ni ne mai juyawa, ni ne mai ajiya, don a rage kashe kuɗi.

HEDIMASTA: Odita fa?

CIYAMAN: Akwai shi. Yaro ne mai tarbiyya, ni na yanka masa ragon suna.

HEDIMASTA: Rahoton shekara fa? Ya kamata a buga shi kowa ya gani: nawa aka cire daga albashi, nawa gwamnati ta zuba nata kason, nawa ne ba ta zuba ba, ina aka sa kuɗin, me suka haifa.

HAJIYA: Maganar gaskiya, Malam, ana cirewa daga albashi kowane wata, wannan ba fashi. Isowarsa nan ne sai an ga dama. Rahoton kuwa na rubuta, na kawo, aka sa a sito, aka ce gara ta cinye.

JAURO: Garar nan tana da dangi. A 2018 ai wata ma'aikaciyar JAMB a Makurɗi ta ce maciji ya haɗiye naira miliyan 36. Ni dai duk yawon dajin da na yi ban taɓa gamuwa da maciji mai asusun banki ba.

HEDIMASTA: Ranka ya daɗe, kujerar nan taka ta kai mutane gidan yari. Ka tuna Abdulrasheed Maina? Shi aka ɗora ya gyara harkar fansho ta tarayya. Ƙarshenta ya tsallake beli, aka kamo shi a Yamai a ƙarshen 2020, a Nuwamban 2021 kotu ta ɗaure shi shekara 8 kan halatta kuɗin haram.

JAURO: Ɗan jiharku ne fa, Hajiya.

HAJIYA: Mai hannu a asusu ba shi da jiha, bawana.

HEDIMASTA: Ga kuma John Yakubu Yusuf na ofishin fanshon 'yan sanda. A 2013 ya amsa laifi kan biliyoyin naira, alƙali ya ce ɗaurin shekara 2 ko tarar naira 750,000. Ya biya ya tafi gida.

BAKANO: Dubu ɗari bakwai da hamsin? Kai! Wannan ai ciniki ne ya faɗa.

HEDIMASTA: Tsaya ka ji ƙarshen cinikin. A 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da shi shekara 6, da tarar naira biliyan 22.9.

BAKANO: A'a, to an ci amanar kwastoma.

CIYAMAN (yana share gumi): Mu bar tarihi. Maganar birni ake. Ni na je Dubai ƙaro ilimi, na ga yadda ake jawo baƙi.

HAJIYA: Na gani a boca. Mako biyu, kai da mutum shida, har da mai ɗaukar jaka.

HEDIMASTA: Bakano, zo nan. Ka rantse da Dala da Gwauron Dutse, me ke kawo mutane Kano?

BAKANO: Kai ma ka sani, hassada ce ta hana ka faɗa. Kano tumbin giwa! Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, fatake daga Agadas da Borno da Gwanja suna sauke kaya. Layin dogo ya iso mana a 1911, gyaɗa ta tashi. Yau je ka Dawanau ka ga hatsi, tireloli daga Nijar da Chadi da Kamaru. Shiga Kwari ka ga atamfa. Mutum zai sauka a tasha da jaka ɗaya, ya sami mai masauki, ya sami wanda zai ba shi kaya bashi, bayan shekara biyar ya buɗe shago. Audu Bako ya gina mana madatsar Tiga, manoman Kadawa suna noma rani da damina.

HEDIMASTA: A duk abin da ka lissafa, ina buta?

BAKANO: Wace buta?

HEDIMASTA: Ta siminti, mai hawa uku.

BAKANO: Ranka ya daɗe, ka ga irin halin Zage-zagi ko? Sai su bar ka ka yi ta zuba, ashe rami suke haƙa maka.

HEDIMASTA: Mu kuma Zariya tun 1962 da aka buɗe jami'ar Ahmadu Bello ake turo mana 'ya'yan mutane daga ko'ina, har da naku, muna koya musu abin da ya fi ƙirga canji. Baƙo abin da yake tambaya kaɗan ne: zan sami abin yi? Akwai ruwa da wuta? Kuɗin haya zai bar ni in ci abinci? In yarona ya yi zazzaɓi da dare akwai inda zan kai shi? In an yi ruwan sama kwata za ta shigo mini ɗaki? Dubi Abuja, tun 1991 aka koma can, tituna sumul, amma masu share titunan a Nyanya da Mararaba suke kwana. Kigali, babban birnin Ruwanda, da ake ta yabo, leda suka hana tun 2008, kuma Asabar ɗin ƙarshen wata kowa ya fito aikin gayya.

CIYAMAN: Mu ma muna da tsaftar ƙarshen wata.

JAURO: Ranar ce nake samun barci mai daɗi, aradu.

HEDIMASTA: Kuma kada ka ɗauka asusun nan da garin nan hanyarsu daban. Akwai Ditroyit a Amurka, garin ƙera motoci. A 1950 mutanensa sun kai miliyan 1.8. Masana'antu suka yi ta rufewa, jama'a suka watse, haraji ya ragu, a 2013 birnin ya je kotu ya ce ya karye, da bashin kusan dala biliyan 18. Wa aka zaftare wa kuɗi? 'Yan fansho. A nan kuwa juya maganar: tsofaffin da ke gindin darbejiyar can, in ka biya su yau, kafin Juma'a kuɗin sun shiga hannun mai shinkafa da mai kemis da tela da mai makarantar jikoki. Ba Dubai za su kai su ba. Sashe na 210 na tsarin mulki ma cewa ya yi a riƙa duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka ƙara albashi. Nawa tun da na yi ritaya bai motsa ba, sai da ya tashi motsi ya mutu gaba ɗaya.

CIYAMAN: Baba, duk wannan surutun ba hurumin ka ba ne. 'Yan fansho suna da wakili a hukumar nan, kamar yadda doka ta ce. Ta bakinsa kaɗai muke ji. Kuma ya riga ya sa hannu ya amince da buta. Hajiya, karanta masa sunan.

Hajiya ta buɗe rajista, ta kalli shafin, ta kalli Hedimasta, ta sake kallon shafin. Ta miƙa masa ba ta ce komai ba.

HEDIMASTA: Wannan ai sunana ne. Da lambar fayil ɗina.

CIYAMAN: Suna ne ya zo ɗaya.

HEDIMASTA: Har da hotona, da hular da na yi ɗaurin auren Hafsatu da ita. Hajiya, tun yaushe nake wakilci?

HAJIYA: Tun bara da azumi. Ba ka taɓa fashin zama ba, Malam. Kowace Talata kana sa hannu kana karɓar kuɗin zama. Har Dubai ka je.

JAURO: Allahu akbar! Malam, ashe da ka rasu aka ƙara maka girma.

HEDIMASTA: To, ranka ya daɗe, zaɓi ɗaya. In na mutu, wa ke sa hannun nan? Sai mu tafi EFCC su taya mu nemansa. In kuma ina raye, a ba ni wata 14 ɗina, da kuɗin zama, da guzurin Dubai. Kuma a matsayina na wakili, ban yarda da buta ba.

Ɗakin ya yi tsit. Bakano ya fara naɗe zanensa a hankali.

CIYAMAN: Haba Baba, ai ba a haka tsakanin manya. A samo masa kujera! Jauro, kawo lemo. Hajiya, rubuta: hukuma ta zauna, ta duba lamarin da idon rahama, ta amince Malam yana raye.

HEDIMASTA: Alhamdulillahi.

CIYAMAN: Ranar Talata, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu. Sauran ranakun sai kwamiti ya kawo rahoto.

HEDIMASTA: Fansho kuma wace rana ake biya?

HAJIYA: Laraba.