Robin a dusar ƙanƙara: a ba shi abinci, amma a wanke kwanon

Duk shekara in sanyi ya tunkaro Turai tsuntsaye da yawa sai su yo kudu, wasu har fadamun Hadejiya da Nguru suke sauka. Shi kuwa robin, ɗan mai jan ƙirjin nan da 'yan Birtaniya suka zaɓa tsuntsun ƙasa a wata ƙuri'ar jin ra'ayi a 2015, yawancin na can ba sa motsawa, nan dusar ƙanƙara ke iske su. Nauyinsa duka-duka wajen giram 20 ne fa, kuma a dare ɗaya in sanyi ya yi tsanani yana iya rasa kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin kafin gari ya waye.

Abin da ke kashe shi yunwa ce. A ƙasa yake kiwo, yana cin tana da ƙwari da gizo-gizo, shi ya sa in mai lambu na haƙa sai ka ga ya zo dab da shebur ya karkace kai yana jira a juyo masa ƙasa, ba tsoro ba kunya. To in ƙasar ta daskare kamar siminti, dusa ta rufe ta kwana biyu uku, shi kenan kasuwa ta watse. Haka aka yi a sanyin 1962 zuwa 1963 a Ingila, ƙananan tsuntsaye suka yi ta mutuwa.

Na san wani zai ce mutane na kwana da yunwa ana zancen tsuntsu. Ai ɗan gogaggen cuku ne da kitse da dakakkiyar gyaɗa mara gishiri, ba buhun shinkafa ba, sai ruwa a faranti tunda kududdufai sun zama ƙanƙara, wannan bai hana kowa sadaka ba.

Inda nake da ja da masu ciyarwar shi ne tsafta. Robin bai cika iya maƙalewa a abin abincin da ake ratayewa ba, ya fi son tebur ko ƙasa, kuma a irin teburan nan ne cuta ke yaɗuwa in tsuntsaye sun yi ta zubar da yawu da kashi wuri ɗaya. Tun 2005 wata cutar maƙogwaro ke cin wani ƙaramin koren tsuntsu mai suna greenfinch har aka sa shi a jerin masu haɗarin raguwa a 2021, kuma ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, da kanta ta dakatar da sayar da irin teburan. Kenan ka ceci robin ka kashe maƙwabcinsa.

Don haka a zuba kaɗan da sassafe da kuma kafin magariba, a wanke wurin, a riƙa canja masa waje. Ganyen da ya zube a gindin shinge kuma a daina share shi tas, ƙarƙashinsa ba ya saurin daskarewa kuma can ƙwarin suke ɓuya.