Ranar da Aka Ba Ni Kura

Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta jami'armu ta yanke shawarar nuna tatsuniyar Gizo da Kura ga 'yan firamare da iyayensu a bikin Ranar Yara na 27 ga Mayu, kuma da aka zo rabon aiki shugabanmu ya dubi faɗin kafaɗuna ya ce ni ne Kura. Gizo kuwa aka ba wani ɗan ƙungiyarmu, mutumin da ko garin kwaki ba a ba shi ajiya a ɗakin kwanan ɗalibai.

Kuɗin kayan wasa bai taka kara ya karya ba, amma a jihar Kebbi ba a rasa buhun shinkafa, saboda haka aka kai wa tela buhuna ya juya cikinsu waje, ya ɗinka mini riga da wando, muka ɗiga musu baƙin fenti. Kan Kura da kwali da soson katifa aka yi shi, aka huda ramuka biyu na ido. Wutsiya igiya ce da aka cusa cikin tsohuwar safa. Na roƙi tela ya ɗinke ta a bayan riga, ya ce tun ba a haife ni ba yake taka keke, ya maƙala ta a ƙugun wando, daidai inda mazagi ya bi.

Ranar wasa zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke, janareto kuma ba zai iya ɗaukar fankoki da lasifika a lokaci guda ba, aka zaɓi lasifika. Malaminmu ya daɗe yana jaddada cewa wasan yara ba ya tafiya sai an jawo su ciki, a tambaye su su amsa, kuma da farko abin ya yi kyau, domin mai ba da labari na cewa "Ga ta nan, ga ta nanku" ɗakin taro ya ɗauka da "Ta zo mu ji ta!" A rubuce, Kura za ta sace naman Ƙoƙi ta laɓe bayan turmi, Gizo ya tambayi yara inda take, su nuna masa daga kujerunsu, shi kuma ya yaudare ta ta faɗa rami. Sai dai tafi ya shiga kan mutumin. Da yara suka nuna turmi, sai ya juya gare su cikin tsamin bakin nan na Gizo ya ce, "Yaya, ku kama mini ɓayauniya!"

Wannan jimla ba ta cikin takardar wasa, amma yara ba su da labarin takarda. Na ji dirin ƙafafu a kan katakon dandamali, kafin in miƙe wani ya doki kan kwalin ya juya, ramukan ido suka koma wajen kunnena, na shiga duhu. Wani ƙato, wanda har yau ban yarda ɗan firamare ba ne, ya rungume ni ta baya yadda masunta ke rungumar giwan ruwa a Matan Fada ranar bikin Argungu. Wasu suna dukana da takalma, wasu da ledar ruwa. Na yi gurnani irin wanda na kwana ina koyo don su tsorata, sai suka ɗauka cikin wasan ne, suka ƙara himma. Daga nan na ji an kama wutsiya, aka ja, na ja, aka ƙara hannu aka ja, ɗinkin tela bai motsa ba ko kaɗan. Mazagi ne ya tsinke. Wando ya sauka har idon sawu a hankali, ba gaggawa, ya bar Kura tsaye a gaban iyaye da malamai cikin gajeren wandon ƙwallo ja, hannu ɗaya yana laluben kai, ɗaya yana laluben wando, ba wanda ya samu.

Yaran ban riƙe su a zuciya ba. Wadda na riƙe ita ce wata Hajiya da ke layin gaba da maficinta, kakar wannan ƙaton, wadda a shekarunta ya kamata ta tsawata. Muryarta kaɗai nake ji a cikin kwalin tana cewa, "Ƙara mata, ɗan albarka!" Na yi ƙasa da murya na ce, "Hajiya, don Allah ki ce ya sake ni, mutum ne." Ta ce, "Ɗan nan, mutum ba ya satar naman mace, sai ka maido." Naman nan soso ne da aka shafa wa jan fenti, kuma yana cikin aljihun Gizo tun farkon fitowa. Ita ce kuma ta lura cewa gumi ya jiƙa buhun har rubutun ciki ya fito a gadon bayana, ta sa jikanta ya karanta da ƙarfi, ko da yake a juye yake. Abin da ya sa ke nan yanzu ake kirana Kilo 50 har a masallaci.

Malaminmu ya hau dandamali ya ce wa jama'a sun ga misalin wasan da ya shiga ran masu kallo, aka tafa masa. Yayan yarinyar da nake nema, wanda ya kawo 'ya'yansa, ya same ni a baya ina ɗaure wando da wayar lasifika, ya ce, "Malam, sannu da aiki, ashe wannan kake karantawa," ya wuce bai jira amsa ba. Da aka zo rabon shinkafa aka ce Gizo ya karɓi tawa zai ajiye mini.

Tela yana bina cikon kuɗinsa, yana kafa hujja da cewa ɗinkinsa bai farke ba. Na ce ya je wurin ma'ajin ƙungiya, ma'aji ya ce ya tafi Jega sai bayan hutu.