Adakar Bature da Turaren Uwargida

A jihar Pennsylvania ta Amurka, inda neman abinci ya ajiye ni, akwai wani lokacin farautar barewa da ake buɗewa bayan Kirsimeti, a ci gaba har cikin Janairu, lokacin da sanyi ya kai intaha. Sharaɗinsa shi ne ba a fita da bindigar zamani. Sai adaka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, adakar ma irin ta da can mai dutsen ƙyastu. Ko madubin hangen nesa ba a yarda ka ɗaura mata ba. Tun 1974 suke wannan abu, kuma bayan lasisin farauta na kowa da kowa, sai ka sake biyan kuɗin wani na musamman kafin a bar ka ka sha wannan wahala.

Maƙwabcina, wani dattijon Bature da ya yi ritaya daga aikin walda, shi ya kawo zancen. Da ya fito da bindigar ya nuna mini, sai da na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce masa ai wannan a wajenmu maƙeran ƙauye ke ƙera ta, kuma kakana maharbi ne na ji da gani. Ban yi ƙarya ba, kakana maharbi ne. Sai dai ni a gadonsa cin naman kawai na ɗauko. Dattijo ya ce madalla, yana da adaka biyu, bana ya sami abokin tafiya.

Aka fara da aji, domin duk sabon mafarauci sai ya yi kwas na ƙa'idojin farauta. Na zauna da furfurata a tsakiyar yara 'yan shekara 11 da 12, wata yarinya tana gyara mini amsa.

Sai filin gwaji. Ɗurin yana da tsari: ka auna albarushi da ɗan mudunsa ka zuba, ka ɗora ƙyalle mai maiƙo a bakin bindiga, ka aza dunƙulen dalma, ka danna shi da sandar ɗuri har ya zauna a kan albarushin. Daga nan ka barbaɗa wani albarushi mai laushi a ɗan kaskon da ke gefe, inda tartsatsin dutse zai faɗa, wuta ta bi ta wata 'yar huda ta shiga ciki. Dattijo ya maimaita mini har ya gaji: albarushi, ƙyalle, harsashi. Ni kuwa ina tsakiyar ba shi labarin yadda kakana ya taɓa yin ido huɗu da kura. Na danna harsashi da ƙarfin jikan maharbi, na yi saiti, na ja kunama. Fus! Ɗan hayaƙi ya tashi a kasko, shi ke nan. Dattijo ya dubi mudun albarushi a kan tebur cike fal, ya dube ni, bai ce uffan ba. Aka ɗaura wani ƙarfe mai kan sukurum a sandar, aka murɗa shi cikin dalmar, shi yana riƙe da bindiga ni ina ja, har harsashin ya fito na zauna daɓas a cikin dusar ƙanƙara.

Albarushi na da farar wuta a cikinsa, kuma tokarsa na jawo laima ta cinye ƙarfe, don haka duk ranar da aka harba sai an wanke bindiga da ruwan zafi da sabulu. A gareji babu ruwan zafi. A kicin akwai. Ban kai rabi ba warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika gidan, har ɗakin yara. Uwargida ta fito hannu a hanci.

"Maigida, me ya mutu a gidan nan?"

"Bindiga nake wankewa."

"A inda nake wanke shinkafa? To wallahi barewar nan gara ta zo da ƙiba."

Batun kaya shi ne dattijo ya fi nanatawa. Kada auduga ta taɓa fata, domin tana riƙe gumi ta daskarar da mutum, sai ulu. A sa kaya hawa-hawa, a tafi da sauƙi, sai an zauna a ƙara. Sannan ƙamshi: hancin barewa ya fi idonta aiki, saboda haka aka wanke kayana da sabulu marar ƙamshi, aka zuba su a leda tare da busasshen ganye da rassan itacen daji, aka rataye a gareji. Ana gobe tafiya uwargida ta shiga neman tsintsiya ta ci karo da ledar. A ganinta babu matar kirki da za ta bar mijinta ya shiga cikin Turawa yana warin juji, balle bayan abin da ya faru a kicin. Ta zazzage ganyen, ta kunna kasko, ta turara kayan nan ɗaya bayan ɗaya da turaren wuta na Maiduguri, wanda take ɓoyo don biki. Hular ma sai da ta shafa mata humra.

Da asuba rediyo ya ce sanyi digiri 10 ne. Na ce ai ko Jos tana yin haka. Ashe da ma'aunin Amurka ake magana, wanda 10 ɗinsa daidai yake da 12 ƙasa da sifili a namu. Ina leƙa waje gashin hancina ya sandare. Na koma na zuba duk abin da na mallaka a jiki, har da singiletin auduga biyu, na fito hannuwa a buɗe kamar buhun gero da aka sa wa takalmi. Na ɗura bindiga a gareji, wannan karon da albarushi. Dattijo ya riga ya gargaɗe ni cewa ƙarfe mai sanyi in ya shiga ɗumi zufa yake yi, albarushi ya jiƙe, don haka a bar ta a but. Amma kayan aro ne, ba a wulaƙanta amana. Na kwantar da ita a kujerar baya, na ƙure hita, na bi motarsa.

Kafin mu hau tudun na jiƙe sharkaf da gumi. Ya ajiye ni a gindin wata bishiya ya wuce gaba. Gumin ya huce, haƙora suka fara kaɗawa, yatsun ƙafa suka yi sallama da ni. Can sai ga barewa ta ɓullo ta ɓangaren da iska ke tahowa, shi ya sa ba ta shaƙi bikin da ke jikina ba. Na barbaɗa albarushi a kasko, rabi a kan wandona, na yi bisimilla, na ja kunama. Fus! Ƙa'ida kuma ita ce in ta ƙi tashi ka ci gaba da riƙe ta a saiti na ɗan lokaci, don takan tashi a makare. Haka na tsaya ƙiƙam ina nuna wa barewa bindiga, ita tana kallona tana tauna. Iska ta juya. Ta ɗaga hanci, ta yi wani irin huci, ta ɗaga farar wutsiyarta ta ba ta wuta, wasu guda uku da ban ma san suna wurin ba suka rufa mata baya.

Da hantsi dattijo ya dawo. Na tambaye shi yadda ya gane bishiyar a wannan daji da ko'ina fari fat. Ya ce tun daga ƙasan tudu hancinsa ya kawo shi. Ya ɗan yi shiru yana shinshina hulata, sannan ya ce in tambayar masa uwargida ko tana sayarwa, ranar haihuwar matarsa ta kusa.