Ɗakin da ɓera ya saba da shi

Duk mai ƙani ko ɗa da ya faɗa harkar kodin ko tiramol, don Allah ya daure ya karanta wannan.

A 1982, Shepard Siegel na Jami'ar McMaster da ke Kanada da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon wani gwaji a kan ɓeraye. Sun yi makonni suna yi musu allurar hiroyin, wata ƙwaya 'yar uwar kodin da tiramol, a ɗaki guda, suna ƙara awon kaɗan-kaɗan har jikinsu ya saba. Rannan sai aka ɗura musu mai yawa. Cikin waɗanda aka yi wa a ɗakin da suka saba, kashi 32 cikin 100 suka mutu. Waɗanda aka yi wa a wani ɗakin daban kuwa, kashi 64. Ƙwaya ɗaya, awo ɗaya, ɗaki kaɗai aka sauya.

Ashe ƙwaƙwalwar ɓeran ta haddace ɗakin. Da ya shiga, ya ji ƙarar da ya saba ji, jikinsa ya fara ɗamarar tarar ƙwayar tun allura ba ta taɓa shi ba. A ɗayan ɗakin, ba shiri ta same shi.

Wannan koyo ne, koyo mai kama jiki. Ƙwayar tana sa sinadarin dofamin, wanda ke sa ƙwaƙwalwa ta riƙe abin da ya yi mata daɗi, ya ƙaru, shi kuma ya buga wa wurin da lokacin hatimi. Abin takaici, wani binciken na 2000 ya nuna mofin (maganin kashe zafin ciwo) da hiroyin suna rage sababbin ƙwayoyin halitta a sashen ƙwaƙwalwar ɓera mai riƙe karatu. Hadda tana raguwa, tunanin ƙwaya yana ƙaruwa.

Ɓera ba mutum ba ne, na sani. Amma na ga yaro a unguwarmu da aka tsare wata uku, ya dawo ya yi ƙiba, fuska ta washe. Sati bai cika ba ya zauna a bencin majalisar da ya saba, aka buɗe kwalbar lemo a gabansa, hannunsa ya hau rawa. Muka ce ba ya jin magana. Ni dai a ganina ba mu yi masa adalci ba: mun raba shi da kwalba, muka mayar da shi ɗakin da jikinsa ya haddace.

Kuma a kula, bayan hutun nan sabon jikin ya ragu, awon da yake sha a da zai iya tsayar masa da numfashi. In akwai kawu a wani garin da zai riƙe shi ya koya masa sana'a, a tura shi can, kuma kada a yanke zuwa wurin likita.